Maganin kuturta ga mai ciwon ƙoda: dafson ne abin sa wa ido

Mai ciwon ƙoda, ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, zai iya shan maganin kuturta ya warke. Kada tsoro ya sa a ajiye katin magani, domin ita kanta kuturtar tana iya lalata ƙoda idan aka bar ta.

Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna uku ga kowane mai kuturta, na wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'in cutar. Babba yana shan rifamfisin miligiram 600 sau ɗaya a wata, kulofazimin 300 a wata da 50 kullum, sai dafson 100 kullum. Biyun farko ba ta ƙoda suke fita ba galibi, don haka ba a cika rage su ba, kuma injin wanki ba ya ɗebe su sosai.

Dafson kuwa sai an yi hattara. Yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, mai ciwon ƙoda kuma dama jininsa kaɗan ne. Saboda haka a auna yawan jini kafin ƙwaya ta farko, a yi gwajin G6PD (wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa) inda akwai shi, a riƙa maimaita awon jinin a makonnin farko. Idan jinin ya yi ƙasa ƙwarai, a gyara shi tukuna. Rage dafson ko cire shi daga haɗin aikin likita ne, ba na majiyyaci ba. Ran wanki kuma a sha shi bayan an sauko daga inji, domin injin yana tace shi. Wanda ya haɗiya da safe sannan ya hau inji ya zubar da wani ɓangare na maganinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne alamun illar dafson suna ɓuya. Mai wankin ƙoda kullum a gajiye yake, sai a ɗauka gajiyar da aka saba ce. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba ko ta yi fari fat. A dubi leɓe da farce, idan sun yi shuɗi-shuɗi ga haki, a dakatar da dafson a tafi asibiti ranar. Haka ma zazzaɓi da ƙuraje da ciwon shawara a watanni biyu na farko.

Fitsari ya yi ja bayan rifamfisin ba komai ba ne, zai washe. Amma zazzaɓi da makyarkyata sa'o'i kaɗan bayan shan sa, tare da raguwar fitsari, abin gaggawa ne, kada a sake shan sa sai likita ya gani. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ya faɗa tun farko, domin rifamfisin yana rage ƙarfin magungunan da ke kare dashen.

Idan aka koma ofuloksasin, maganin da akan ba a madadin wani daga cikin ukun, shi ta ƙoda yake fita, dole a rage shi gwargwadon aikinta, a kuma raba lokacinsa da na ƙwayoyin kalsiyam da aƙalla awa biyu.