Sayen motar hannu da ɗan kuɗi a Arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

Daga Gaundare har Kusiri, mai neman motarsa ta farko yawanci ba mai kuɗi ba ne. Malamin makaranta ne da ya kwashi adashi, ko ɗan kasuwar da ya gaji da ɗora iyali a bayan babur, ko wanda ya sayar da shanu biyu uku. Irin wannan kuɗi in ya tafi ba ya dawowa da wuri. Ga tambayoyin da masu irin wannan hali suka fi yi.

Na tara kuɗi kaɗan. Duka zan zuba a cinikin?

A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura. A ce sefa miliyan 2 ke hannunka, to ka ɗauka kamar miliyan 1 da dubu 600 kake da su, kada ka taya motar da ta wuce haka. Ragowar ba ajiya ba ce, tuni tana da masu ita: canjin suna a kartigiris (takardar mallakar mota), inshora (tun 2017 a cikinta ake haɗa kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara), bizit (duba lafiyar mota na hukuma), juyen mai, wataƙila batir da taya biyu. Ban taɓa jin motar hannu da aka saya ba ta nemi komai a watan farko ba.

Sai kuma abin da za ta riƙa ci kullum. A watan Fabrairun 2023 litar fetur a gidan mai ta tashi daga 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Zuwa-zuwa, wato man Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda muka dogara da shi shekara da shekaru, shi ma ya daina arahar da aka san shi da ita tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ka yi lissafi da tafiyar Garwa zuwa Marwa, wajen kilomita 210, zuwa da dawowa 420. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci maka kusan dubu 28. Mai shan lita 13 za ta ci kusan dubu 46. Hanya ɗaya, rana ɗaya.

Wace irin mota ce ta dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Wadda bakaniken unguwarku ya san cikinta kamar tafin hannunsa, kuma kayanta suke zube a kasuwar garinku. Kafin ka je kallon mota, fara zuwa wurin masu sayar da kayan gyara. Ka tambaye su kuɗin lagireto, faifan kuloci, shokazoba da famfon mai na motar da ke ranka. In aka ce sai an aiko daga Duwala ko Kano, ka sake tunani.

Wannan ma'auni kusan kullum kan ƙananan Toyota yake faɗawa: Corolla, Carina E, Starlet, Yaris, Avensis ta farko. Ba don sauran motoci ba su da kirki ba, sai don su ne suka cika titunanmu, inji da giya na hannu ma ana samu. Carina E an daina ƙera ta tun 1997, saboda haka duk wadda ka gani ta tsufa ƙwarai, jikinta za ka duba fiye da sunanta. Yaris ba ta shan mai, amma tana ƙasa ƙasa. Ta cikin gari ce. Wanda ke zuwa ƙauye da damina, yana tsallake mayo (rafin damina), ko yana bin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, zai wahalar da ita ya wahalar da kansa.

Abin da nake roƙon mutane su guje masa shi ne babbar mota mai araha. Za a nuna maka tsohuwar Marsandi ko jibgegiyar jif a farashin Corolla, kujerun fata, gilashi na sauka da kansa. Mai ita ya sauke farashin ne don gyaranta ya fi ƙarfinsa, kuma in ya fi ƙarfinsa, kai ma zai fi naka. Araha ba ta ado.

A ɓangaren inji, mai fetur na gargajiya ya fi haƙuri da man kwalba. Injinan gas na zamani irin D-4D da HDi, da na fetur mai suna D-4 da ke cikin wasu Avensis, suna son mai tsaftatacce. Ruwa ko datti kaɗan ya isa ya kashe injekta, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Giyar hannu kuma ta fi sauƙin gyara a wajenmu fiye da otomatik.

'Yar Beljiyam ko wadda aka hau a nan?

Kowace da nata. Motocin da ake lodawa daga Turai, da yawansu ta unguwar Heyvaert da ke Burusel suke bi, sun yi rayuwarsu a titi mai kyau da mai mai kyau, shi ya sa ƙafafunsu da injinsu kan fi lafiya. Cutarsu tsatsa ce, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, ka ƙwanƙwasa da makulli. Lambar kilomita kuwa kada ka ba ta amana, ana mayar da ita baya. Sitiyari, robar feda da kujerar direba sun fi ta faɗin gaskiya.

Sai dai 'yar Beljiyam ta fi tsada, don bayan kuɗin jirgi akwai na duwan, wato kwastan, a tashar Duwala, kuma dokar kuɗi ta Kamaru tana ƙara haraji a kan tsohuwar mota gwargwadon shekarunta. Ga kuɗin hawo da ita Arewa. Mai ɗan kuɗi sau da yawa ya fi samun biyan buƙata a motar da wani ma'aikaci ko wata Hajiya suka hau a cikin gari, wadda za ka iya zuwa garejin da ake kai ta ka yi tambaya. Wadda ta yi taksi ko jigilar ƙauye kam, ko an sake mata fenti ta gama bayar da abin da take da shi.

An ce a Mubi, Yola ko Maiduguri mota ta fi araha. In tsallaka in sayo?

Gaskiya ne, tun da naira ta faɗi a 2023 mai sefa yana jin ƙarfinsa a kasuwannin can. Amma a nan ne mutane suka fi ƙonewa. Najeriya ba ta cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya da Kamaru ke ciki, kuma biyan kwastan da aka yi a Legas bai shafi duwan ɗin Kamaru ba. Mota mai lambar Najeriya takardar wucewa ta ɗan lokaci ake ba ta a kan iyaka. In zama za ta yi, dole a biya mata duwan a nan, a yi mata kartigiris da lambar Kamaru, NO ko EN ko AD gwargwadon jiharka. Kafin ka tsallaka, ka je ofishin duwan da samfurin motar da shekararta, a ƙiyasta maka abin da za ka biya, ka haɗa da farashin can. Sau da yawa arahar a nan take narkewa.

Mafi hatsari ita ce wadda aka riga aka shigo da ita ta daji, aka manna mata lambar Kamaru da takardun da ba nata ba. Za ka hau ta wata shida lafiya, ran da aka tare ka a shingen jandarma ko na duwan, motar ta tafi, wanda ya sayar maka kuma wayarsa a kashe. Hukumar duwan tana da manhajar waya mai suna Cosmos, wadda ake shigar da lambar shasi a ga ko an biya wa mota duwan. Ka duba, ko ka sa a duba maka a ofishinsu, tun kafin maganar kuɗi.

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfen motar, ba a takardar da aka liƙa kaɗai ba, ka gwada da ta kartigiris. In ka ga alamar walda, goge ko sabon fenti a daidai wurin, ka yi sallama ka tafi, kome kyanta.

Akwai kuma maganar ruwa. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse, a daminar wannan shekarar ta 2024 kuma Yagwa da yankin Logon da Shari suka sha ambaliya. Motar da ta kwana cikin ruwa ana wanke ta ta yi fes, amma wayoyinta suna ruɓewa a hankali. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ramin safaya, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa. Laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru ba ta ɓuya.

Ban san komai a inji ba. Yaya zan duba ta?

Ka je da bakanikenka, ba na mai mota ba, ba na dillali ba, kuma ka biya shi kuɗin wuninsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba, don kada bakinsa ya karkata. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbata da sanyinsa. Injin da ya gaji a tashin farko yake tona kansa, shi ya sa wasu ke ɗumama shi kafin mai saye ya iso.

Ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji na shan baƙin mai. Baƙi, mai na wucewa ba ya ƙonewa daidai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai: in ka ga wani abu mai kauri, fari-fari, ruwa ya haɗu da mai, wataƙila gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ka buɗe lagireto tun inji na sanyi, a tayar, ka ga ko ruwan yana kumfa.

A ƙasarmu zafi ne ke kashe mota. Watan Maris da Afrilu, Garwa da Marwa suna haura digiri 40, kuma motar da take lafiya a sanyin Gaundare tana iya tafasa a nan. Don haka zagayen unguwa bai isa gwaji ba. Ka hau ta aƙalla rabin sa'a da rana tsaka, ka kunna na'urar sanyi in tana da ita, sannan ka tsaya ka bar inji yana aiki, idonka a kan allurar zafi, kunnenka yana jiran fanka ta tashi. In mai mota ya cire tamostat, ko ya haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, ka tambayi dalili. Sau da yawa wani ciwo ake rufewa. Wanda zai riƙa hawan tsaunin nan na hanyar Gaundare, wajen Mbe, da kaya da iyali, wannan gwaji ya fi masa komai.

Sauran kuwa cikin tafiya ake jin su. Ka shiga hanya mai gargada ka saurari ƙafafu. A miƙaƙƙen titi ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Ka taka birki da ƙarfi. Kowace giya ta shiga ba gurnani, har ribas. Lokacin da ka murɗa makulli kafin tayarwa, fitilun gargaɗi su kama duka sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, ƙila an cire ƙwanta ne. A gefen taya akwai lambobi huɗu, mako da shekarar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar bazara tana fasa ta.

Dillali fa, dole ne?

Ba dole ba ne, amma da wuya ka kauce masa, kuma akwai masu amana a cikinsu. Ku yanke la'ada tun farko, ka kuma nace sai ka zauna da mai motar ido da ido. In aka ce maka “wani Alhaji na zuwa da kuɗi da la'asar”, ka ce Allah ya sa albarka. Motar sayarwa ba ta ƙarewa a kasuwa.

Mun daidaita. Yaya zan biya?

Sunan da ke kan kartigiris ya zama shi ne na katin shaidar wanda ke karɓar kuɗinka. In motar ta bi hannu uku ba a canja suna ba, a kawo takardun cinikin duka a jere. In ta gado ce, magada su amince a rubuce. Ku rubuta takardar sayarwa mai ɗauke da lambar shasi da farashi, a buga mata hatimi a kwamisariya (ofishin 'yan sanda), da shaidu biyu. Ba don ana zargin kowa ba. Ko tsakanin wa da ƙani rubutu yana tsare zumunci. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan motar da ba ka gani ba, musamman ta hoton waya da aka ce tana Duwala. Daga nan ka wuce ofishin sufuri na jiha ka mayar da kartigiris sunanka, kada ka bar shi sai wani watan.

Na karɓi makulli. Me zan fara yi?

Gareji, kafin zagayen nuna wa dangi. A juye baƙin mai, a canja matatar mai da ta iska, don ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba. A duba birki. Sannan ka tambayi bakanike ko injinka bel yake amfani da shi wajen tayimin ko sarƙa: Carina E da tsofaffin Corolla bel ne, ana canja shi wajen kowace kilomita dubu 100, Yaris mai fetur da Corolla masu VVT-i kuwa sarƙa ce. In bel ne kuma ba wanda ya san ranar da aka sa shi, a canja shi a makon nan, tun ragowar kuɗin da ka ware yana hannunka.