Taya mai tauri ba ita ce mai gudu ba

Da yawa daga masu hawan keke a hanyoyin duwatsu sun taso da cewa idan ana son gudu, sai a bunƙa wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse. A kan kwalta mai santsi, maganar tana da ƙamshin gaskiya. A kan gargada kuwa, akasin haka ne.

Tayar da aka cika tam, idan ta ci karo da tsakuwa ko saiwar bishiya, tsalle take yi. Duk tsallen nan ƙarfin ƙafarka ne ke tafiya a banza, kuma taya tana sama, birki ba shi da abin kamawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya shiga kwana, tayar gaba ta zame, sai ga shi a ƙasa yana kakkaɓe gwiwa yana zagin hanya. Tayar da aka ɗan sassauta mata tana lanƙwasa ta rungumi dutsen ta wuce.

Lambar da ke rubuce a gefen taya iyaka ce, ba umarni ba. Yawancin mahaya masu taya marar tiyub suna tsayawa tsakanin PSI 20 zuwa 30 (PSI shi ne awon ƙarfin iskar taya), ta baya ta ɗan fi ta gaba saboda nauyi.

Amma kada a zarce. Idan iska ta yi ƙasa sosai a taya mai tiyub, rim zai matse tiyub a kan dutse, ka ciro shi ka tarar da huji biyu jere kamar saran maciji. Kuma matsa taya da babban yatsa yaudara ce, a nemi ma'aunin iska.