Wa ke biyan kuɗin jami'a? Fashin baƙi kan dokar TETFund da bashin ɗalibai

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, lissafi ɗaya ake yi a zaurukan ƙauyukan Gaya da Ringim da Kafin Hausa: buhun riɗi nawa za a fitar, ko kuwa ɗan bijimin da ake turke ne zai tafi Wudil ranar Juma'a. A wurin ba a rasa mai cewa da gwamnati ta bi umarnin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba ilimi kashi 26 cikin ɗari na kasafin kuɗi, da yanzu karatu kyauta ne kamar a Turai. Maganar da ƙamshin gaskiya, sai dai an cakuɗa abubuwa da yawa a cikinta.

A fara da kashi 26 ɗin. Abin da ƙasashe suka amince da shi a rubuce, bayan taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015, shi ne kowace ƙasa ta kashe wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na jimillar arzikin da take samarwa a shekara, ko kashi 15 zuwa 20 na duk abin da gwamnati ke kashewa. Wannan na ilimi ne gaba ɗaya, daga aji ɗaya na firamare har digirin ƙarshe. Kuma shawara ce, babu kotun da za ta hukunta ƙasar da ta gaza. Ko da wannan ma'aunin mai sauƙi, kasafin gwamnatin tarayya ya shafe shekaru bai kai kashi 10 ba. Amma ilimi a Nijeriya nauyi ne na tarayya da jihohi tare, don haka wanda ya duba kasafin Abuja kaɗai ya bar na Kano da Dutse bai ga hoton duka ba.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A ƙungiyar OECD, wadda yawancin ƙasashe masu arziki ke ciki, abin da ake kashewa kan manyan makarantu, na gwamnati da na iyaye a haɗe, yana kai kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na arzikin ƙasa. Amurka da Chile sun haura kashi 2. Idan aka raba kuɗin kan kowane ɗalibi, matsakaicin yana wajen dala 20,000 a shekara, na Amurka ya wuce 30,000. Luksambog bai kai kashi 1 na arzikinta take kashewa ba, amma kowane ɗalibinta ana kashe masa fiye da dala 50,000, saboda ƙasar ƙarama ce, ga arziki, ɗaliban kuma kaɗan ne. Wato kaso shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san girman tukunyar da yawan masu ci. Mudu goma a gidan mutum biyar daban yake da mudu goma a gidan mutum hamsin.

Inda aka fi bambanta shi ne wanda ke biya. A Norwe da Suwidin da Finlan da Denmak ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin karatu, Denmak ma har alawus take ba ɗalibai duk wata. Jamus ta gama soke kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati a 2014. To amma a Denmak harajin da ake karɓa ya haura kashi 40 cikin ɗari na arzikin ƙasa, na Nijeriya kuwa bai kai 15 ba. An biya kuɗin, ta hanyar haraji aka biya. Ingila ta bi wata hanyar: a 2012 ta ɗaga kuɗin jami'a zuwa fam 9,000 a shekara, gwamnati ta ranta wa ɗalibi, idan ya fara aiki albashinsa ya wuce wani mataki a riƙa cire kashi 9 na abin da ya haura matakin. Ostireliya ce ta fara irin wannan tun 1989. A nan Afirka, Kenya na da hukumar bashin ɗalibai tun 1995, Gana kuma ta kafa asusun ilimi a 2000 da wani kaso na harajin kayayyaki.

Ko'ina aka duba, ɗayan uku ne ke ɗaukar nauyin: mai biyan haraji, ko iyaye a yau, ko ɗalibin kansa gobe. Dokokinmu sun haɗa ukun.

Abin da tsarin mulki ya ce da abin da bai ce ba

Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta samar da ilimin jami'a kyauta, amma ya ƙara da sharaɗin “idan hali ya yi”. Sannan sashen yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi. Don haka ba za ka iya kai gwamnati ƙara don ɗanka ya biya rajista ba. A takarda, jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digirin farko. Abin da ake biya sunansa kuɗin rajista, na jarrabawa, na asibiti, na ɗakin gwaji, na ɗakin kwana. Ga uban da ya sayar da riɗinsa sunan bai canza komai ba. Albashin malamai da ɗan kuɗin gudanarwa daga kasafin shekara suke fitowa: tarayya ce ke biyan na Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse, jiha ke biyan na jami'o'in Wudil da Kafin Hausa.

Asusun TETFund

Duk wanda ya taɓa raka yaro rajista a Kwalejin Ilimi ta Gumel ko ta Bichi ya ga gine-gine da allo a jikinsu an rubuta TETFund da shekara, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Asalin asusun yarjejeniyar 1992 ce tsakanin gwamnatin Babangida da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, lokacin Attahiru Jega ne shugabanta. A 1993 aka yi dokar da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. Da farko har firamare da sakandare na cin kuɗin. Dokar 2011 ce ta taƙaita shi ga manyan makarantu, ta kuma ba shi sunan da yake amsawa yanzu. An ɗaga harajin zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda aka tsayar ta fara aiki a Janairun 2026, ta narkar da shi tare da wasu haraje-haraje cikin harajin raya ƙasa guda ɗaya na kashi 4, TETFund ya samu rabi, asusun bashin ɗalibai, wato NELFUND, kashi 15 cikin ɗari. Rabin huɗu biyu ne, an koma inda aka faro ke nan.

Rabon a bayyane yake a doka: cikin kowace naira 100, jami'o'i 50, kwalejojin kimiyya da fasaha 25, kwalejojin ilimi 25. Makarantun gwamnati kaɗai, na tarayya da na jihohi. Jami'a mai zaman kanta ba ta da ko kwabo. Ana kashe kuɗin kan gini, kayan koyarwa, littattafai, bincike, da tura malamai ƙaro karatu. Ba a biyan albashi da shi, ba a kuma biya wa ɗalibi rajista. Shi ya sa za ka ga sabon ɗakin lacca yana sheƙi alhali malamai na yajin aiki, ko ɗakin gwaji cike da na'urori babu man janareta. Aljihun da ya gina daban, wanda ya kamata ya kula da ginin daban, kuma na biyun ne kullum a huje. Ba a dunƙule ake sakin kuɗin ba, kaso-kaso ne, sai makaranta ta nuna yadda ta kashe na baya a ba ta na gaba. Wadda ɗan kwangilarta ya tsere ko takardunta suka ƙi cika, kuɗinta na nan ajiye da sunanta ba ta iya taɓawa.

Bashin ɗalibai na NELFUND

Wannan ne ya fi shafar gida kai tsaye. Dokar farko an sa mata hannu a Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai an kawo masu tsayawa biyu daga manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu, kuma idan uba ya taɓa cin bashi bai biya ba ɗan ya rasa. Ina ɗan manomi a Miga zai samo babban ma'aikacin da zai tsaya masa? Aka soke ta, aka yi sabuwa a Afrilun 2024 wadda ta cire waɗannan duka, aka buɗe shafin nema a Mayun shekarar.

Bashin gida biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Kuɗin ɗawainiya kuma, naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibin, kuma yana da damar ya nemi na makaranta kaɗai ya bar wannan. Babu kuɗin ruwa: abin da ka ci shi za ka biya, don haka damuwar riba da ta hana mutane da yawa kusantar bashin banki ba ta taso a nan ba. Abin da ake buƙata shi ne lambar JAMB, lambar ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, takardar samun gurbi, lambar ɗalibi ta makaranta, da asusun banki da sunan ɗalibin kansa. Neman kyauta ne. Mai shagon kwamfuta zai karɓi ladan aikinsa, amma wanda ya ce a ba shi wani abu zai “shigar da suna” ɗan damfara ne.

Inda aka fi maƙalewa wajen suna ne. Yaro a firamare Sani Abdu, a JAMB Muhammad Sani Abdullahi, a NIN Sani Abdullahi da sunan garinsu a ƙarshe, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata, don ba a rubuta ta ba lokacin da aka haife shi. Mutum zai gane yaro ɗaya ne, kwamfuta ba ta ganewa. Gyaran na ɗaukar makonni kuma yakan kai ka hedikwatar ƙaramar hukuma ko birni, saboda haka a daidaita takardun tun kafin a buɗe nema. Sai lambar waya: idan da layin yayansa aka yi BVN, can saƙon tabbatarwa zai tafi. Na uku ba laifin ɗalibi ba ne: sai makaranta ta tura wa asusun bayanan ɗalibanta kafin shafin ya gane su, idan ta yi jinkiri sai a bi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kuma ba sau ɗaya ake nema a huta ba, kowace shekarar karatu ana sabuntawa.

Biya yana farawa shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Mai albashi, wurin aikinsa zai riƙa cire kashi 10 cikin ɗari duk wata. Mai sana'ar kansa zai riƙa ba da kashi 10 na ribarsa. Ga misali don a ga nauyin: a ce rajista naira 150,000 ce, an kuma karɓi ɗawainiyar wata 10, wato 200,000. Shekara ɗaya 350,000, shekara huɗu 1,400,000. Mai albashin 100,000 zai riƙa biyan 10,000, wata 140 ke nan, shekara 11 da wata 8. Mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 sai ya yi wata 200. Da ya bar ɗawainiyar ya tsaya kan rajista kaɗai, bashin 600,000 ne, mai albashin 100,000 ya gama a shekara 5. Wanda gidansu ke iya aika masa da gero da wake daga rumbu ya yi wannan lissafin kafin ya danna neman duka biyun. Gaskiya ne faɗuwar darajar naira na rage nauyin bashin da ba shi da ruwa, amma wannan asarar asusun ce, kuma ƙannen da ke tafe ne za su tarar da ita.

Wanda lokaci ya yi bai samu aiki ba, doka ta ba shi damar neman ƙarin lokaci da takardar rantsuwa cewa ba shi da abin shiga. Wanda ya yi ƙarya a ciki, hukuncinsa ɗaurin shekara 3. Idan mai bashin ya rasu, ko wata ƙaddara ta hana shi iya biya, doka ta ba da damar yafewa. Masu cewa ai kuɗin gwamnati ne, kamar yadda wasu suka ɗauki bashin noman shinkafa na shekarun baya, su tuna an taɓa kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, rashin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita. Wancan karon babu BVN. Yanzu bashin na manne da lambar, kuma doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya bincika ko wanda zai ɗauka ana bin sa.

Sau da yawa ranar rufe rajista kan zo kuɗin asusun bai iso ba, uba ya sayar da abin da zai sayar ya biya, daga baya kuɗin ya shiga asusun makaranta. A nan an biya sau biyu, kuma bashin na kan yaro. Haƙƙinsa ne makaranta ta mayar masa da abin da ya biya. Ya adana rasit ɗin biyan farko, ya buga shafinsa da ke nuna an tura kuɗin, ya rubuta takardar neman mayarwa zuwa ofishin ma'ajin makaranta, ya riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata.