Kwaikwayo wajen auna ƙirar jiragen ruwa

Kwaikwayo a ƙirar jiragen ruwa hanya ce ta gwada yadda jirgi zai yi a kan ruwa tun kafin a yanka ƙarfen gina shi, ko dai da ƙaramin samfuri a tafkin gwaji, ko da lissafi a kwamfuta. Jirgin ruwa babba ba ya samun gwaji irin na mota, wadda ake ƙera ta sau da yawa kafin a kai kasuwa. Wanda aka fara ginawa shi ne zai shiga teku. Jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya kife a tashar Stockholm a 1628, a tafiyarsa ta farko, saboda nauyin samansa ya rinjayi na ƙasa.

Asali

Injiniyan Ingila William Froude ne ya kafa tushen wannan aiki, da tafkin gwajin da aka gina masa a Torquay a farkon shekarun 1870. Ya raba turjiyar da ruwa ke yi wa jirgi gida biyu: gogayyar ruwa da jikin jirgi, da ƙarfin da ke tafiya wajen tayar da igiyar ruwa. Ya kuma nuna irin gudun da za a ja samfuri da shi don igiyarsa ta yi kama da ta babban jirgi. Idan jirgi mai tsawon mita 150 zai yi gudun not 20 (not ma'aunin gudun jirgin ruwa ne), samfurinsa mai mita 6 za a ja shi da not 4 kawai. Matsalar ita ce gogayya ba ta bin wannan ma'auni, don haka sai an lissafa ta daban. Har yau ana aiki da tafkuna irin wannan, kamar na cibiyar binciken jiragen ruwa ta MARIN da ke Wageningen a Holan.

Lissafin kwamfuta

Kwamfuta kan kasa ruwan da ke kewaye da jirgin zuwa miliyoyin ƙananan ɗakuna, ta warware lissafin motsin ruwa na Navier da Stokes a kowane ɗaki. Daga nan ake ganin inda ruwa ke matse gangar jikin jirgin, da yadda yake isa ga farfela, da ƙarfin injin da ake buƙata. Da wata dabarar ake auna ko ƙarfen zai jure lanƙwasar da igiya ke yi masa.

Amfaninsa mafi girma kwatantawa ne. Mai zane na iya sauya siffar ƙullutun da ke gaban jirgi a ƙarƙashin ruwa sau ɗari, ya ga wanne ya fi rage shan mai, abin da ba zai yiwu a tafki ba sai da sassaƙa samfuri ɗari. Ƙa'idar rage hayaƙi da hukumar IMO, mai kula da sufurin teku ta duniya, ta fara aiwatarwa ga sababbin jirage a 2013 ta ƙara wa wannan aiki muhimmanci.

Iyaka

Kwaikwayo ya fi iya cewa zane na ɗaya ya fi na biyu a kan ya faɗi ainihin adadin man da jirgi zai sha. Hargitsin ruwa ƙiyasta shi ake yi, kuma hoto mai launuka kan sa sakamako ya yi kama da gaskiya ko da ɗakunan lissafin sun yi girma. Wani kuskuren da ake yi shi ne gyara jirgi don gudu guda a lafiyayyen ruwa, alhali a teku zai yi tafiya da kaya iri-iri cikin iska. Shi ya sa ake kai zanen da ya yi zarra tafki, sannan a yi gwajin teku kafin a miƙa jirgin ga mai shi.