Waiwaye: hunturun da ya kashe bareyin Wyoming, da yunwar da ta riga shi isowa

Tun bayan hunturun 2022 zuwa 2023 maharban yammacin Amurka ba su daina ka-ce-na-ce ba a kan barewar nan tasu mai faffaɗan kunnuwa, wadda suka laƙaba wa sunan alfadari saboda kunnuwan. A jihar Wyoming akwai wani garke da ya yi suna, na tsaunukan Wyoming Range, wanda mutane kan yi tattaki daga jihohi masu nisa don neman mazansa masu rassan ƙaho. Kafin wannan hunturu ana ƙiyasta garken da kusan 30,000. Da aka sake ƙidaya a farkon 2024, wajen 11,000 aka tarar. Masu bincike na Jami'ar Wyoming, waɗanda tun 2013 suke ɗaura wa bareyin nan abin wuya mai na'urar bin sawu, sun ga duk 'ya'yan da suke bibiya sun mutu, ko ɗaya bai ga narkewar ƙanƙara ba. Iyayen mata ma fiye da rabi suka tafi.

A 2023 Wyoming ta rage lasisin harbin barewa da dubbai, ta kuma gajarta kwanakin farauta a wuraren da abin ya fi ƙamari. Jihar Colorado ta yi irin haka a arewa maso yammacinta. Jihar Utah kuwa tun a watan Janairu ta fara kai wa bareyi abinci a arewacin jihar. Wasu maharban Wyoming da kansu suka mayar da lasisin da suka riga suka biya, suka ce bana a bar dabba ta sha iska. Daga nan musu ya ɓarke a zaurukan taro da shafukan Facebook. Wannan ya ce dilolin daji da zakunan dutse ne suka cinye 'ya'yan. Wancan ya ce lasisi ne ya yi yawa, musamman na baƙi daga wasu jihohi. Wani kuma ya ce da an zuba ciyawa da wuri da ba a yi wannan asara ba. Kowa na magana kamar masifar a dare ɗaya ta faɗo daga sama. Ni a ganina hunturun ya zo ne ya tarar da dabba da ƙasar kiwo da suka daɗe suna ramewa, kuma sai an koma baya fiye da shekara sittin kafin a ga inda ramar ta soma.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 masu harbi don sayar da nama da fata sun kusa ƙarar da barewar. Aka kafa dokokin farauta, aka shiga kashe namun dawa masu cin ta. A tudun Kaibab na jihar Arizona, inda aka keɓe mata daji a 1906, ta hayayyafa har ta cinye abincinta, sannan ta mutu da dubbai a hunturu biyu na tsakiyar shekarun 1920. A sauran yankin kuma kiwon shanu da tumaki ya cinye ciyawa ya bar fili ga ƙananan itatuwa, waɗanda su ne ainihin abincin barewa, sai yawanta ya kai ƙololuwa a shekarun 1950 da farkon 1960. Wannan zamani ne tsofaffin maharba ke tunawa, kuma da shi ake auna kowace shekara har yau. Bayansa hunturu masu tsanani suka riƙa zuwa bi da bi: 1983 zuwa 1984, 1992 zuwa 1993, 2007 zuwa 2008 a kwarin Gunnison na Colorado, sai 2016 zuwa 2017. Na 1992 shi ne ya sa Utah, wadda a da maharbanta suka haura 200,000 a shekara, ta ƙayyade lasisi a 97,000 a 1994. Colorado ta bi sahu a 1999, ta mayar da lasisin barewa na ƙuri'a, wato sai wanda ƙuri'a ta faɗa a kansa ke samu.

Sanyi dai ba baƙo ba ne a tsaunukan Rocky. An yi mummunan hunturu a 1948 zuwa 1949, har da jiragen sama aka riƙa jefa wa shanu ciyawa, amma bareyi suka farfaɗo suka ma zarce yawansu na da. Abin tambaya shi ne me ya sa yanzu kowane hunturu ke sauke garke mataki ɗaya, ya ɗan taso, amma bai cika komawa inda yake ba. A farkon shekarun 1990 Wyoming na da bareyi fiye da 500,000. Bayan 2023 ba su kai rabin haka ba.

Sai an san yadda dabbar ke cin shekararta kafin amsar ta fito. Daga watan Mayu take bin tsiron sabuwar ciyawa zuwa saman duwatsu, ta haihu a Yuni, sau da yawa tagwaye, ta yi ta ci har kaka tana tara kitse. Da dusar ƙanƙara ta fara rufe sama sai ta gangaro zuwa ƙananan tuddai da kwaruruka, ta bin hanyar da uwarta ta nuna mata, kamar dai burtali. A Wyoming an gano garken da ke tafiyar kusan kilomita 240 daga hamadar Red Desert zuwa kwarin Hoback, ya kuma dawo. Duk wanda ya san yadda saniya ke shiga rani da ƙibar damina ya san sauran bayanin. A hunturu barewa ba ta ƙoshi. Kullum tana cin kitsen jikinta ne, abin da take tsinta a daji kawai yana rage saurin ƙarewarsa. Masu bincike kan kama matan a Disamba su ɗora na'urar hoton ciki a kan kuturinsu su auna kaurin kitse, su sake aunawa a Maris. Idan abin wuya ya daɗe bai motsa ba, ya aiko da alamar mutuwa, sai su bi sawu su fasa ƙashin cinya. Ɓargon dabba mai lafiya fari ne, mai tauri kamar kakide. Na wadda yunwa ta kashe ja ne, ruwa-ruwa, jiki ya riga ya tsotse shi. 'Ya'ya ne kan fara faɗuwa, don ƙafafunsu gajeru ne kuma duk abin da suka ci girma ya tafi da shi. Sai manyan maza da suka ƙarar da ƙarfinsu wajen barbara a Nuwamba. Idan abin ya kai ga iyaye mata, to garke ya karye.

Saboda haka komai ya rataya ne a kan ɗan siririn yankin nan na gindin duwatsu inda suke yin hunturu, da kuma itacen da ke tsiro a can. Babbansu wani ɗan kurmi ne mai toka-tokan ganye da ƙamshi mai hawa kai, ɗan'uwan tazargade ne na jini, jinsinsu ɗaya. Amfaninsa shi ne ba ya zubar da ganye duka, kuma yana tsayawa sama da ƙanƙara lokacin da ciyawa ta binne. Nan ne aka yi juyin da ba a cika ambata ba a musun yau.

A lokacin zafi na 1964 tsawa ta sauka babu ruwa a yankin Elko, arewa maso gabashin jihar Nevada. Cikin 'yan kwanaki wuta ta cinye kimanin eka 300,000, kuma cikin abin da ta ci har da wuraren da bareyin yankin ke yin hunturu. Gobarar daji ba sabon abu ba ce a can. Abin da ya bambanta wannan shi ne makamashinta, da abin da ya tsiro a bayanta. Wata ciyawa ce 'yar Turai da Asiya, masana na kiranta Bromus tectorum, Amurkawa kuma suka sa mata sunan da ke nufin mayaudariya. Ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19 a cikin irin hatsi, ta bi layin dogo da hanyoyin dabbobi, zuwa shekarun 1930 ta riga ta mamaye wuraren da kiwo ya gwaguye. Sunan ya dace da ita. Tana tsirowa tun kaka, ta riga kowa shan danshin ƙasa, ta yi kore shar na 'yan makonni har mutum ya ce kiwo ya samu. Kafin Yuni ya ƙare ta bushe ƙayau, ta zama shimfiɗa mai kama wuta kamar auduga, ƙwayarta na da tsini mai shiga baki da ido irin na ƙarangiya.

A da, tsakanin wannan kurmi da wancan akwai fili da 'yan kututturan ciyawa jefi-jefi, wuta ba ta samun abin takawa ta yi nisa, shi ya sa wuri kan yi shekaru da dama, wani lokaci fiye da tsawon ran mutum, bai ƙone ba. Mayaudariya ta cike wannan fili. Ɗan'uwan tazargaden nan idan ya ƙone ba ya tohowa daga saiwa, sai dai daga ƙwaya, kuma yana buƙatar shekaru gommai kafin ya koma yadda yake. Ita kuwa shekara guda ta ishe ta. Inda ta yi kaka-gida wuta na iya dawowa duk bayan shekara uku zuwa biyar, kuma kowace dawowa tana kashe 'yan tsiron da suka fara ɗagowa. Haka daji mai itace ya koma filin ciyawa mai shekara ɗaya, wanda ƙanƙarar da ba ta wuce idon sawu ba kan rufe shi ruf. Barewa ta sauko ta hanyar da ta gada, ta iso inda kakanninta suka yi hunturu, ta tarar da farin fili.

Abin da ya sa mutane ba su farga ba shi ne asarar ba ta nuna kanta nan take. Muddin hunturu na da sauƙi, garke na iya rayuwa da ɗan abin da ya rage. A shekarun 1980 an sami ruwa sosai, har bareyin Nevada suka haura zuwa wajen 240,000 a 1988, kowa ya ɗauka lafiya lau. Sai fari ya biyo baya na shekaru a jere, sannan hunturun 1992 ya sauka a kan dabbobin da suka shigo a rame. Daga nan Nevada ba ta sake ganin wancan adadi ba, yau ba ta da ko 100,000. Wutar ma ba ta tsaya ba. A 1999 kusan eka miliyan 1.7 suka ƙone a babban kwarin da ake kira Great Basin. A 2007 wata gobara ta ci fiye da eka 600,000 a iyakar Idaho da Nevada, a 2018 kuma Nevada ta ga mafi girman gobara a tarihinta. Wani rahoton masana na 2022 ya nuna cewa cikin shekara ashirin ana asarar kimanin eka miliyan 1.3 na lafiyayyen dajin wannan itace duk shekara, kuma baƙuwar ciyawa na kan gaba cikin dalilan.

Gaskiya ne Wyoming ta fi Nevada tudu da sanyi, don haka ciyawar ta makara wajen isa can, ko da yake yanzu tana hawa gangaren da ke kallon rana, waɗanda su ne ƙanƙara ke fara narkewa a kansu, su ne kuma mafakar barewa. A can ramar ta zo ta wasu ƙofofin: itatuwan sun tsufa ba sa sabon toho, fari ya yawaita, shingen waya da tituna da gidaje sun yayyanka burtalin. Kuma dole a faɗa, hunturun 2023 ya yi tsananin da ko mai ƙiba zai iya kayarwa, don ƙanƙarar ta daskare ta yi ɓawo, ta daɗe har cikin Afrilu. Amma ko a cikinsa, waɗanda suka shigo da kitse sun fi tsira.

Maganar namun dawa kuwa an gwada ta. A kudu maso gabashin Idaho, daga 1997 zuwa 2003, an rage diloli da zakunan dutse a wasu yankuna aka bar wasu don kwatantawa. Bambancin da aka gani a yawan garke bai taka kara ya karya ba, tsananin hunturu ne ya fi yanke hukunci. A tudun Uncompahgre na Colorado kuma aka gwada ɗaya ɓangaren, aka inganta abincin bareyi a hunturu, sai 'ya'ya suka fi rayuwa, har waɗanda namun dawa ke kamawa suka ragu. Dila na cin ɗan barewa, babu mai musu, amma sau da yawa wanda yunwa ta riga ta kayar yake ɗauka. Zuba ciyawa ma ba ta cika ceto ba. Tumbin barewa ya saba da ganyen itace, idan aka canza mata abinci kwatsam ba ta iya narkar da shi, an sha samun gawa da ciki cike da busasshiyar ciyawa. Shi ya sa masu ciyarwa ke amfani da wani haɗi na musamman, su ma iyakacinsu bakin hanya, inda mota ke isa.

Shi maharbi a kaka yake ganin sakamakon, kuma ba sau ɗaya ba. Da yawa daga cikin abin da ake harba a shekara matasan maza ne 'yan shekara ɗaya da rabi, masu ƙaho reshe biyu. Idan 'ya'yan bara sun mutu a Maris, a Oktoba babu su. Bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da ya kamata su zama manyan da ake tinƙaho da su, nan ma gurbin yana nan. Rage lasisi na barin maza su yi yawa su tsufa, abu ne mai kyau ga mai neman ƙaho, amma mata ne ke haihuwa, kuma a mafi yawan wuraren nan dama ba a harbin mata.

Matan Wyoming Range da suka tsira a 2023 sun hau duwatsu sun tarar da ciyawar da ruwan ƙanƙara ya shayar, ga baki ya ragu. Da aka auna su a ƙarshen shekarar sun yi ƙibar da masu binciken ba su saba gani ba, kuma 'ya'yan da suka haifa daga baya sun rayu sosai. A can ƙasa kuma, a wuraren da wuta ta ci a Idaho da Nevada, 'yan sa-kai na fita da kaka da lokacin narkewar ƙanƙara, da yawansu maharba ne, suna durƙusawa suna dasa ɗan'uwan tazargade ɗaya bayan ɗaya, tsiron da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Wanda ya kama a cikinsu sai ya yi shekaru kafin kansa ya leƙo sama da ƙanƙarar watan Fabrairu.