Waiwaye: Bucks ta sauya koci da 'yan wasa a tsakiyar kaka, me ta tsinta?

A Gombe, mai bin gasar ƙwallon kwando ta NBA ta Amurka sai ya yafe barci. Idan Milwaukee Bucks za ta buga wasa a gida da bakwai na yammacinsu, a nan ƙarfe biyun dare ne lokacin sanyi, kuma gidajen kallo sun daɗe da rufewa, dama su Firimiya ce kasuwarsu. Shi ya sa yawancinmu sai da safe muke ganin sakamako a waya, a teburin mai shayi. A irin wannan zama ne a Jekadafari, cikin hunturun Janairun 2024, ƙanena ya miƙo min wayarsa, kofin shayinsa na hucewa, ya ce: "Yaya, duba min nan, ko idona ne? Sun kori koci alhali su ne na biyu."

Ba idonsa ba ne. Ranar 23 ga Janairu Bucks, tana ta biyu a ɓangaren Gabas na gasar, ta sallami kocinta Adrian Griffin bayan wasa 43, ya ci 30, an ci shi 13. Yaran da ke buga ƙwallon kwando a nan, har masu mafarkin sa rigar Gombe Bulls, da yawansu 'yan Bucks ne saboda Giannis Antetokounmpo, wanda aka haifa a Girka amma iyayensa 'yan Najeriya ne. Don haka maganar ta zama tamu, kuma har yau ba a gama musu a kanta ba.

Wanda ya fara lissafi daga ranar korar ya fara daga tsakiya. A 2021 Bucks ta ɗauki kofi a hannun koci Mike Budenholzer, karon farko cikin shekara 50, Giannis ya zuba maki 50 a wasan ƙarshe da Phoenix. A kakar 2022-23 ita ce ta fi kowa cin wasa, 58 cikin 82, sai ga Miami da ta shigo a ta takwas ta yi waje da ita tun zagayen farko na fitar da gwani. Aka sallami Budenholzer, aka kawo Griffin, wanda bai taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba. A watan Satumba kuma aka yi babban cinikin: an karɓo Damian Lillard daga Portland, an ba da Jrue Holiday. Lillard gwanin jefa ƙwallo ne daga nesa. Holiday kuwa shi ne mai tsaye a bakin ƙofa, mai manne wa gwanin abokan hamayya tun daga tsakiyar fili har ya gaji. Portland ba ta riƙe shi ba, ta tura shi Boston, kuma da shi Boston ta ci kofin 2024.

To daga nan ɗinki ya fara warwarewa. Ƙungiyar da ke cikin biyar na farko wajen tsaro ta gangara har bayan ta ashirin. Griffin ya zo da salon matsa wa abokin hamayya tun daga waje, ya janye dogon nan Brook Lopez daga ƙarƙashin kwando inda ya saba tare hanya, sai da manyan 'yan wasa suka same shi bayan wasa huɗu kacal suka roƙi a koma tsohon tsari. Mataimakinsa Terry Stotts ma ya ajiye aiki tun kafin a buga wasan farko. Ana cin wasa, amma da yawan maki ake ci, kamar mai ɗibar ruwa da tulu mai yoyo yana gudu kafin ya tsiyaye.

Wanda aka ɗauko shi ne Doc Rivers, da ya ci kofi da Boston a 2008, a lokacin yana sharhin wasa a talabijin. A wasanni goman farko ya ci uku. Abin dariyar ma, shi aka ba horar da taurarin Gabas a wasan zaɓaɓɓun taurari (All-Star) na shekarar, da sakamakon da Griffin ya tara. A Fabrairu aka ƙaro Patrick Beverley daga Philadelphia don ya toshe gurbin Holiday. Mutum ne mai naci da zafin kai, amma ya riga ya kai shekara 35. Tsaron ya ɗan gyaru, wannan gaskiya ne, sai dai makin da ake zubawa ya ragu. Rivers ya ƙare da ci 17, faɗuwa 19, ƙungiyar ta tashi da 49 da 33, daga ta biyu ta sauko ta uku. Indiana Pacers ta fitar da ita a zagayen farko, ta ci wasa huɗu, Bucks biyu.

A nan ƙanena ke kafewa, kuma yana da hujja. Giannis ya ji ciwo a sharaɓa ranar 9 ga Afrilu, bai taka fili ko sau ɗaya ba a karawar da Indiana, Lillard ma ya rasa wasa biyu. Ya kan ce da wa za a yi yaƙi idan sarkin yaƙi na kwance. Na yarda. Amma 17 da 19 ɗin nan akasari da Giannis a tsaye aka yi su.

Kaka ta gaba Rivers ya samu abin da ya rasa a baya, wato sansanin atisaye tun daga farko. Duk da haka wasa biyu suka ci a goman farko. Suka farfaɗo, har suka ɗauki ƙaramin kofin tsakiyar kaka a Las Vegas cikin Disambar 2024, inda suka doke Oklahoma City 97 da 81. Sai Fabrairun 2025 aka sake taɓa ƙungiyar: Khris Middleton, abokin tafiyar Giannis tun 2013, aka tura shi Washington aka karɓo Kyle Kuzma, wai a samu ƙuruciya da ƙafa mai lafiya. An gama kaka da 48 da 34. Aka sake haɗuwa da Indiana. A wasan farko Kuzma ya yi sama da minti ashirin a fili bai ci maki ko ɗaya ba, bai tsinci ƙwallo ɗaya daga kwando ba, bai ba kowa ya ci ba. A wasa na huɗu agarar Lillard ta tsinke. A na biyar suna gaba da maki bakwai, saura daƙiƙa arba'in a ƙarin lokaci, suka saki wasan, 119 da 118.

Ba wai gyaran tsakiyar kaka ba ya taɓa yin rana ba. Cleveland ta kori David Blatt a Janairun 2016 yana da 30 da 11, Tyronn Lue ya karɓa ya ci kofi a watan Yuni. Amma Lue mataimaki ne a cikin gidan, ya san ɗakin kowa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, wanda ya tashi a Zariya. Manyan yankan da ya yi wa Toronto, wato sallamar koci Dwane Casey da musayar DeMar DeRozan da Kawhi Leonard, duk lokacin hutun 2018 ya yi su. A Fabrairun 2019 gurbi ɗaya ya cike da Marc Gasol, suka ɗauki kofi. Griffin ma yana cikin mataimakan kocin a wannan tafiya. Bucks kuwa gora ta riƙa fafewa ranar tafiya.

A ganina ƙungiyar ba ta inganta ba. Daga 58 ta koma 49, sannan 48, kuma sau uku a jere ba ta wuce zagayen farko ba. Griffin yana da nasa kuskuren, amma korarsa barin jaki ne a daki taiki, domin ba koci ne ya sayar da Holiday ba. A Yulin 2025 aka sallami Lillard da ragowar kwantiragin kusan dala miliyan 113, da za a riƙa biya cikin shekara biyar, don a samu kuɗin ɗauko Myles Turner daga Indianar da ta fitar da su sau biyu. Da na karanta wa ƙanena adadin, sai ya ciro wayarsa ya fara juya shi zuwa naira, lambobin suka cika fuskar wayar, mai shayi ya leƙo ya tambaya ko kasafin kuɗin jiha muke lissafawa.