Me ake nufi da gini mai ɗorewa da ya sa mutum a gaba?

Yanzu duk inda masu zanen gine-gine suka haɗu sai ka ji ana ta cewa "gini mai ɗorewa", da yawa kuma sun ɗauka ana nufin ginin da zai shekara 100 bai tsage ba, ko wanda aka jera wa sola a kan rufi. Abin ya wuce nan. Kalmar ta bazu ne bayan rahoton Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, wato a biya buƙatar yau ba tare da an cinye rabon 'yan baya ba. A harkar gini sai a duba da me aka yi shi, wuta nawa zai sha kafin ya yi sanyi, ina ruwansa zai tafi. Siminti kaɗai fa yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

To amma ɓangaren da ya fi tsaya min a rai shi ne na mutum. A shekarun 1940 Hassan Fathy, wani mai zanen gine-gine ɗan Masar, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor a Masar, da tubalin laka, ɗakuna masu sanyi ba fanka ba komai, har yau ana koyar da aikin a jami'o'i, amma yawancin waɗanda aka gina dominsu suka ƙi komawa, don tun farko ba su suka nemi a tashe su ba. Shi kuwa Francis Kéré, wani mai zanen gine-ginen, da zai gina firamare a Gando ta Burkina Faso, wadda aka gama a 2001, da mutanen garin ya yi aikin, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska za ta ratsa ta kwashe zafin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya.

Gano ko gini ya dace da masu amfani da shi, aikin malamin jami'a mai bincike a wannan fanni kenan, ya koma ginin bayan an yanke ƙyalle kowa ya watse. Zai maƙala 'yar na'ura a bangon aji tana ɗaukar zafi da laima dare da rana, ya zauna da yara da ƙarfe biyu na rana ya tambaye su ya suke ji, ya lura an toshe wata taga da kwali saboda haske na kashe ido, abin da ba zai taɓa fitowa a zanen kwamfuta ba. Irin wannan bin diddigi ne Roger Ulrich ya yi a Amurka, ya wallafa a 1984 cewa waɗanda aka yi wa tiyata suna hango bishiyoyi ta taga sun riga masu kallon bango barin asibiti, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Hanyar zama irin wannan malami doguwa ce gaskiya, digiri na farko, na biyu, dakta, ga koyarwa ga neman kuɗin bincike, kuma dole ka ɗan san lissafin injiniya ka kuma iya sauraron mutane, don sau da yawa mai shara ko maigadi ne zai fara faɗa maka wane ɗaki ne ba a iya zama a ciki da rana.